Awarwaron Hajiya Uwani

Shekarata tara ke nan a bayan kantar gwal a Deira, cikin birnin Dubai. Ranaku da yawa sun wuce sun ɓace mini, amma akwai wata Litinin da ban taɓa mantawa da ita ba, ba na kuma jin zan manta. Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu kuna yawan yi mini tsiya, wai Malam Nasiru ko "madalla" ba ya iya ce wa mai saye sai ya fara danna kwamfuta. Gaskiyarku ce, ban musa ba. Yau dai ga dalilin.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda waɗanda ba su san shi ba. Shagonmu na wasu Indiyawa ne, a kasuwar gwal, tafiyar 'yan mintoci daga kasuwar Murshid. Hausa ce ta sa aka ɗauke ni, ba wai na fi kowa sanin gwal ba. Alhazai da hajiyoyin Kano suna shigowa da yawa, kuma mutumin gida ya fi sakin jiki da kuɗinsa idan ya ji harshensa. Lokacin da abin ya faru ina babban mai sayarwa. Sama da ni akwai manaja, Mista Mohan, sama da shi kuma sai masu shagon, waɗanda ba mu cika ganinsu ba.

Kuɗin kowace sarƙa kashi biyu ne. Akwai kuɗin gwal ɗin kansa, giram nawa ne, karat nawa ne. Akwai kuma kuɗin ƙira, wato ladan maƙerin da ribar shago. A kan kuɗin ƙira kaɗai ake ciniki. Farashin giram kuwa ba ni ke sa shi ba, ba Mista Mohan ba, ba ma masu shagon ba. Yana fitowa ne a wani allo da ke rataye a saman kanta, yana bin kasuwar duniya, ta Landan da ta Amurka, kuma a wuni ɗaya yakan canza ba sau ɗaya ba. Idan mai saye ya zaɓi kaya bai zo da cikakken kuɗi ba, sai ya ba da kafin alƙalami, ni kuma in danna kwamfuta in ɗaure masa farashin wannan lokacin. Da zarar na danna, ofishinmu zai sayi daidai wannan nauyin a wurin babban dilan gwal, ya maye gurbin abin da zai fita. Daga nan duk hawan da gwal zai yi, babu ruwan mai saye, babu ruwan shago. In ba a danna ba, to ba a yi komai ba. Wannan shi ne abu na farko da ake koya wa sabon ma'aikaci, kuma ni da kaina na koya wa mutum ya fi goma.

Hajiya Uwani 'yar Yakasai ce, a lokacin ta haura sittin. Tana zuwa Dubai tun ban san hanyar filin jirgi ba. Ainihin sana'arta abayoyi ne da mayafai da turaruka, ta saya a Murshid, a ɗaure mata, a kai wa masu jigilar kaya zuwa gida a unguwar Port Saeed. Amma a 'yan shekarun nan da naira ta kama zubewa, sai matan unguwarsu suka ɗora mata wani nauyin. Wadda ta kwashi adashi, wadda aka biya ta giratuti, wadda ta sayar da tumakinta, kowacce sai ta kawo mata ta ce a juya mata shi gwal. Ita ce ta taɓa ce mini, "Ɗan nan, kuɗinmu ya zama ƙanƙara. Kana riƙe da shi a hannu, sai dai ka ga ruwa." Ba ta ɗora musu ko sisi, sai abin da aka ba ta na goro. Ba ta kuma rubuta komai, a ka take riƙewa, kuma ban taɓa ji ta haɗa kayan wata da na wata ba.

A wannan zuwan saƙon mata goma sha huɗu ta ɗauko. Ta shigo ranar Juma'a da safe, ta miƙo mini ƙullin dambun nama kamar yadda ta saba, ta ja kujera ta zauna zaman wanda ba ya sauri.

"Wannan ta Malama Rabi ce," in ji ta. "Tun tana budurwa take koyarwa a firamare, yanzu aka sallame ta. Nemo mata mai nauyi, ba ta son ƙyale-ƙyale. Sai 'yan kunne na Talatu mai awara. Ƙanana, amma kar ka ba ni waɗanda iska za ta kwashe. Shekara biyu tana tarawa a bakin kasko."

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Da muka zo kan kuɗin ƙira kuwa, nan aka buɗe fage.

"Shi maƙerin nan a jirgin sama yake zaune ya ƙera ta?"

"Hajiya, dubi aikin fa. Da hannu aka yi."

"To da da ƙafa za a yi? Rage."

"Albarka, Hajiya."

Ta miƙe ta yafa mayafinta ta nufi ƙofa, har ta kama marfi, na kira ta, ta dawo tana cewa don dai ni ne. Abokan aikina Indiyawa suna ta kallonmu suna murmushi, sun saba. Ni kuwa wallahi daɗi nake ji. A Kantin Kwari na tashi, a shagon mahaifina, kuma awa uku ɗin nan da muka yi da Hajiya sun mayar da ni can gaba ɗaya. A can, idan mai kaya ya ce "na sallama," mai saye ya ce "na saya," ciniki ya faɗa. Ko bayan mako ka dawo da kuɗin, ko kaya sun yi tsada a tsakani, naka ne a yadda aka yi. Na taɓa ganin mahaifina ya ajiye wa wani mutumin Agadez bandir ɗin shadda har wata guda a kan wannan kalmar, mutane suna taya ta da tsada yana cewa an sayar.

Muna gamawa lokacin masallaci ya gabato, an fara jan ƙofar shago. Hajiya ta ce kuɗin matan suna wurin ɗan canji, an ba shi naira a Kano, ita za ta karɓi dirhami a nan, yau da yamma ko gobe da safe. Ta sa na ɗora kowane abu a kan sikeli, ta ɗauki hotonsa da lambar nauyin tana fitowa sarai. Sannan ta dube ni.

"To, ka sallama?"

"Na sallama, Hajiya."

"Na saya. Allah ya sa albarka."

Na san ya kamata in ce ta kawo kafin alƙalami. Maganar ta zo har bakina. Amma matar nan sa'ar mahaifiyata ce, shekara shida tana saye a hannuna, yanzu ta ba ni dambu, sai in buɗe baki in ce ta ajiye wani abu kafin in yarda da ita? Kunya ta hana ni. Na ce a raina ai gwal ya yi kwana da kwanaki bai motsa sosai ba, gobe da safe kuɗi za su zo. Na zuba kayan a faranti, na rubuta sunanta, na kulle a akwatin ƙarfe, na tafi masallaci ban danna komai ba.

Ranar da wuri na tashi daga aiki. Ina cikin bas ɗin International City, unguwar da nake zaune, bayan la'asar na duba waya, na ga gwal ya fara hawa. Manyan ƙasashe ne suka sake kaurewa da rigimar harajin kaya, masu hannun jari suka tsorata, suka shiga sayar da takardunsu suna rugawa wurin gwal. Ranar Asabar Hajiya ta kira ni, ta ce ɗan canji ya ce kuɗin sun maƙale a banki, sai Litinin. A nan ne ya kamata in faɗa mata gaskiya. Da na faɗa, da ta kawo ɗan abin da ke jakarta na ɗaure farashin a inda ya tsaya, da ɓarnar ba ta kai haka ba. Amma me na ce? Na ce, "Ba komai, Hajiya, Allah ya kai mu." Ina ta fatan Litinin ta yi ya sauko, in rufe maganar ba wanda ya ji. Kuskuren Juma'a na kunya ne. Na Asabar kuwa tsoro ne kawai, kuma shi ya fi damuna har yau.

Litinin ta yi, allo ya kunna, gwal ya ƙara hawa a kan na Juma'a.

Kafin Hajiya ta iso na shiga ofishin Mista Mohan na zayyana masa komai. Mutum ne mai sanyin magana, ya kusa ritaya. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Ka danna?"

"Ban danna ba."

"Ta ba da kafin alƙalami?"

"Ba ta bayar ba. Amma na ba ta kalmata."

"Nasir, na yarda da kalmarka," in ji shi. "A garinmu ma haka kakana yake ciniki. Amma dilan da zan sayi gwal a wurinsa yau bai ji kalmarka ba. Allon nan zai duba."

Ya ɗauki kalkuleta ya yi 'yan danne-danne. A farashin yau, kuɗin Hajiya sun kasa kayan da giram goma sha shida. Ya ce iyakar ikonsa shi ne ya zaftare kuɗin ƙira har ya bar ladan maƙeri kaɗai, abin da ya wuce haka sai masu shago, su kuma abin da za su fara tambaya shi ne rasit. Na ce a haɗa da la'adata ta watan gaba ɗaya. Ya dube ni, ya haɗa. Duk da haka saura giram goma sha ɗaya. Ya ce, "Khalas, nan na tsaya. Ka yi haƙuri."

Hajiya ta shigo da fara'arta, jaka a hammata, tana cewa yau dai ɗan canji ya sake ta. Na kawo mata shayi, na zauna a gabanta, na faɗa mata duka, har da wayar Asabar. Ban taɓa jin Hausa ta yi mini nauyi a baki kamar ranar ba.

Ta ɗaga kai ta dubi allon, lambobin da ba ta taɓa damuwa da su ba.

"Amma ka sallama, Nasiru."

"Na sallama, Hajiya. Laifina ne, ba na kowa ba."

"To wa ya ƙara?"

Na yi mata bayani iyakar iyawata, cewa manyan bankuna da attajiran duniya ne ba su yarda da kuɗin takarda ba yanzu, kowa na neman inda zai ɓoye dukiyarsa.

"Ikon Allah," in ji ta. "Ashe tsoron da ya hana Talatu barci su ma shi ke damunsu. Sai dai su in sun tsorata, mu ake takawa."

Na kawo shawarar da na kwana da ita. Na ce a rage wa kowacce kaɗan, a sauya mata da abin da bai kai wancan nauyi ba, ni kuma in yi magana da bakina a waya in ce kuskurena ne. Ta girgiza kai tun ban ƙarasa ba.

"Tun ranar Juma'a na tura wa kowacce hoton kayanta da nauyinsa. Malama Rabi har ta nuna wa 'ya'yanta. Kuma kar ka ɗauka ba sa aunawa. Ina sauka, kowacce za ta kai wa maƙeri ya ɗora a sikeli, ni ma na ce su riƙa yi. Kai ka ga allo. Talatu ta ga allo? Abin da za ta gani shi ne Hajiya ta ce kaza, sikeli ya ce kaza. Ba wadda za ta ce mini ɓarauniya a idona. Za su ce ba komai, Allah ya saka da alheri. Amma baɗi a ƙarƙashin katifa za su bar kuɗinsu ya narke, ba za su ba ni ba. Shekara ashirin ina faɗa musu abu su same shi yadda na faɗa."

Na tambaye ta ko za ta cike da kuɗin kayanta. Ta ce abayoyi tun Alhamis suna Port Saeed an ɗaure, abin da ya rage a jakarta na otal ne da taksi. Sannan ta nuna ƙofar ofis da haɓa.

"In na shiga na ɗaga wa mutumin nan murya, masu shago suka ji, me zai same ka?"

Ta san yadda biza take a garin nan, aiki in ya tafi da ita yake tafiya.

"To, a bar shi," in ji ta. "Ba ni leda."

Ban gane ba sai da ta ja hannun rigarta. Akwai wani siririn awarwaro a hannunta na hagu, tun da na san ta yana nan, tsohuwar ƙira ce, zanen jikinsa duk ya sule. Ya daɗe a wurin har hannun ya fi shi. Ta zura hannun a cikin ledar, ta riƙa murza shi a hankali a kanta tana cije leɓe, har ya wuce ƙashin. Ta ajiye shi a kan kantar shagon.

"Na mahaifiyata ne. Ranar da za ta rasu ta cire ta sa mini. Auna."

"Hajiya, don girman Allah kar ki yi haka."

"Nasiru, auna. Ita ma da tana nan abin da za ta ce ke nan."

Tsohon gwal yana da nasa tsarin. Ana goga shi a dutse a ɗiga ruwan gwaji a tabbatar da karat ɗinsa, a auna, sannan a saye shi ƙasa kaɗan da farashin allo, tunda narkawa za a yi. Na yi wannan aikin ya fi a ƙirga, amma ranar sai da na goga sau biyu. Karat ashirin da ɗaya ne, giram goma sha biyu da 'yan kai. Bayan an cire abin da ake cirewa, ya rufe giɓin, har da ɗan canjin da bai wuce kuɗin taksi ba.

Ta dubi lambar ta yi 'yar dariya. "Ka ga, ashe ni ma ina cikin masu arzikin da gwal ya tashi."

Ni ban iya dariyar ba. Na ɗaure mata kayan mata goma sha huɗu, kowanne a 'yar jakarsa, kowanne da nauyin da ke cikin hoto. Mista Mohan ya fito da kansa ya raka ta har bakin titi ya tsayar mata da taksi, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

A ƙa'ida duk ranar Laraba ake kwashe tsohon gwal a kai matatar gwal a narka. Na roƙi Mista Mohan ya ajiye mini awarwaron in saye shi. Ya ajiye Laraba ɗaya, ya ajiye ta biyu. Amma la'adata ta riga ta tafi, ga iyali a gida, gwal kuma kullum ƙara hawa yake yana guje mini. Laraba ta uku masu shago suka aiko a haɗa komai. Ina tsaye aka zuba shi a akwati tare da sauran. Yanzu Allah kaɗai ya san inda yake, wataƙila yana cikin wani bulon gwal a ma'ajiyar wani babban banki a wata ƙasa.

Bayan kwana goma Hajiya ta turo mini wani saƙon murya, ba ta ƙara ko kalma a kai ba. Muryar wata mata ce, ana jin ƙarar mai a kasko a bayanta. "Hajiya, na kai an auna, daidai yake, ko ɗigo bai ragu ba. Allah ya bar mana ke." Talatu ce. Har yau bai bar wayata ba, kuma na tabbata har yau ba ta san abin da aka ɗora a sikeli kafin 'yan kunnenta su cika ba.

Na ɗauka Hajiya ta bar shagonmu ke nan. Bayan wata biyar sai ga ta, da dambunta, da saƙon mata goma sha tara. Hannun hagun ba komai, sai ɗan farin layi a inda awarwaron ya zauna. Muka yi cinikinmu kamar kullum, ta je ƙofa ta dawo. Da muka gama, tun ban yi magana ba ta zaro dirhami ta ajiye a kan kantar shagon.

"Ga kafin alƙalaminka. Danna abin naka tukuna, ɗan nan, sannan ka sallama."

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mutanenmu har yanzu da kalma suke ciniki, kuma kar wanda ya raina wannan, don ita ce ta ɗauko kuɗin mai awara daga Yakasai ta kawo shi Deira ba takarda ba shaida. Amma farashin da muke sayarwa a kansa ba a hannunmu yake ba, yana hannun mutanen da ba su san da mu ba, ba su kuma jira kowa. Aikinmu a bayan kantar nan shi ne mu tsaya tsakanin biyun. In ka ji kunyar neman kafin alƙalami, ba mutunci ka yi wa mai saye ba, ka bar shi ne a fili. Kuma idan abin ya ɓaci, ba kai mai kunyar kake biya ba, wanda ya yarda da kai ne. Ni nawa kuskuren wata tsohuwa ce ta biya shi da awarwaron mahaifiyarta, kuma da hannuna na auna.